Rigar Lamba Tara

Har in koma ga Mahaliccina ba ni mance ranar da anka kira ni ofis saboda rigar lamba tara. Ku da kunka shigo aikin ga bayana, ku saurara, don an sha ba ku labarin a karkace.

Ni ce mai wankin kulob, shekara ashirin da 'yan kai. Ga wanda bai sani ba, ga yadda tsarin yake: a sama akwai Ciyaman, ƙarƙashinsa Sakatare, sai Koci, sai mai kula da kaya, sai ni, sai baho. Kullum in an tashi atisaye, mai kula da kaya ya tara riguna da safa cikin kwando ya kawo mani bayan filin wasa. In ware fari, in jiƙa, in wanke, in shanya, in ninke. Ban yi boko ba, amma na san lambobi da kamanninsu. Tara ita ce mai kama da ludayi a tsaye.

A shekarar, saura mako biyu a buɗe kakar wasa, kowa cikin Sakkwato ya zama boka. Kulob ya sayo sabon ɗan gaba, ana ce masa Aradu, Ciyaman da kansa ya je ya ɗauko shi, ya ba shi riga lamba tara. Sai gidan rediyo ya turo wata ma'aikaciya, Rabi, ta ji hasashen magoya baya. Shugabansu, Malam Bube mai ganga, ya ce kofi namu ne, a fara neman inda za a ajiye shi. Wani tela daga Ƙofar Rini ya ce golanmu zai rasa aikin yi har ya shuka albasa cikin raga. Wani mai keke ya ce Aradu zai ci ƙwallo har a ba shi haƙuri. Duk wannan a kunnena, ina bakin famfo.

Ƙishirwa ce ta kawo Rabi wurina. Da ta sha ruwa sai ta miƙo mani abin ɗaukar magana.

"Inna, ke mi kika gani bana?"

Ni ban san ana yi wa magana kwalliya kafin a ba rediyo ba. Na ce, "Ɗiyata, bana faɗuwa za mu yi ƙaramin rukuni."

"Mafarki kika yi?"

"Wanki na yi. Cikin kwandon ga duka, riga huɗu ke cin sabulu. Wandon gola ko ƙasa bai san ta ba. Ita ko lamba tara, turare take yi kamar ta ango. Kaɗe ta nake in ninke, don wanke ta zalunci ne ga ruwa."

Kafin in isa gida Runjin Sambo, magana ta riga ni. Mai keken da ya ɗauko ni ya gane muryata, ya sauke ni nesa da ƙofa.

Washegari da hantsi mai kula da kaya ya ce ana nemana sama. Na tarar da Ciyaman zaune, Sakatare tsaye, Koci Umaru ya jingina da bango yana kallon silin. A kan tebur ga ambulan ruwan ƙasa. Ba ni karatu, amma na ga irinsa ya raba mutane da yawa da wurin nan. A gefe kuma ga kwandon atisayen safe, riguna sun yi jawur da ƙasa.

Sakatare ya ce, "Inna Tumba, kin kunyata mu. Za ki koma rediyo ki ce tsufa ne ya sa ki ɓarambarama. Ga shaida, dubi yadda 'yan wasa ke wahala."

Na durƙusa na gaishe da Ciyaman yadda ya kamata, sannan na zaro lamba tara na shimfiɗa ta kan tebur, kusa da ambulan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zufa daga ciki take fitowa. Juya ka ga cikinta, fes. Wanda ya yi gudu, hammatarsa kan yi farin gishiri, nan babu. Wannan kuma da ke baya, ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Yatsu ne. Wani ya shafa masa ƙasar da hannu."

Koci Umaru ya yi tari mai tsawo, ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa don dariya. Daga baya na ji cewa ya daɗe yana kai ƙarar Aradu, ana ce masa hassada ce.

Ciyaman ya daɗe yana kallon yatsun nan. Sannan ya jawo ambulan ya sa cikin aljihun tebur.

"Ba zan yaga shi ba. Ki ci gaba da aiki har ƙarshen kaka. In mun faɗi, kin yi gaskiya, ki zauna. In mun tsira, ki zo ki karɓi takardarki."

To kun ji inda anka tsai da ni: in ƙungiyata ta rayu, abincina ya mutu.

Daga ranar Koci ya sauya tsari. Kwando ya daina zuwa bayan fili. Tsakiyar fili ake kawo shi, 'yan wasa su yi layi, in ɗaga riga ɗai-ɗai in shinshina. Wadda na ninke ba wanki, mai ita ya zagaya fili sau goma. Aradu ya yi fushi da ni wata guda, ba gaisuwa. Magoya baya da sunka so cinye ni ɗanya sunka mai da ni waƙa. Da zarar Aradu ya tsaya riƙe da ƙugu, sai ka ji Malam Bube ya buga ganga, fili ya ɗauka: "Aradu, Inna na jiran riga!" Sai ya zabura.

Wanki ya ninka. Bayana ya sani, hannuwana sun sani. In anka ci mu, in ji baƙin ciki; in munka ci, in tuna aljihun tebur. Duk da haka, ko sau ɗaya ban wanke riga busassa don in rufa wa mai ita asiri ba, alhali na san kowace zufa tana matso da ni kusa da ƙofa.

Kofi dai ko ƙamshinsa ba mu ji ba, gola bai shuka albasa ba. A wasan ƙarshe munka tsira da ƙyar, kuma Aradu ne ya jefa ƙwallon. Ya tuɓe rigar ya kawo mani da hannunsa, tana ɗiga, tana wari kamar akurkin kaji.

"Inna, a wanke ko a ninke?"

"A jiƙa kwana biyu," na ce.

Ranar Litinin na ɗaure bahona da bokitina, na hau sama karɓar takarda. Ciyaman ya ciro ambulan, ya juya shi, ya yaga biyu.

"Inna, alfarma ɗaya. In 'yar rediyon nan ta dawo baɗi, ki sake cewa za mu faɗi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai na ga kwando."

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. Masoyin ƙwallo abin da yake so yake faɗi, kuma ban ga laifinsa ba, da shi fili ke cika. Manya kuma abin da sunka saya suke yabo. Amma in kuna son sanin yadda kaka za ta kasance, ku zo bayan fili ku juya riga ku dubi cikinta. Na bana ma na duba. Ba zan ce ku ƙaro sabulu ba, wanda ke akwai ya isa.