Kuskuren Shafi na Arba'in da Ɗaya

Shekara goma sha tara Mushe Rabi'u, wato Malam Rabi'u, ya yi yana koyar da kimiyyar fizik a wata lise, makarantar sakandare, a Madarumfa. Ɗan masunci ne, amma ko kwale-kwale bai iya tuƙawa ba. Tambaya ɗaya ce ta cinye masa rai: ƙwayoyin haske biyu da suka fito tare, ko ka kai ɗaya Maraɗi ɗaya Makka, kana auna wannan sai ka tarar amsar waccan ta dace da ita. Ta yaya? Rabi'u yana ganin sarari da lokaci ba su ne tushe ba, wannan alaƙar ce ke saƙa su. Ya cika kaye guda, littafin rubutunsa, da lissafi.

Salim, abokin karatunsa da ya zama dakta a wata jami'a, ya zo biki a garin Ɗan Issa, ya biyo ta gidansa, ya ari kayen. Bayan shekara biyu aikin ya fito a mujallar masana da sunan Salim kaɗai.

Atika, matar Rabi'u, ta ce ya kai ƙara.

"Ba zan kai ba," in ji shi. "Akwai kuskure a shafi na arba'in da ɗaya. Bayan tafiyarsa na gano shi."

"To ka gaya masa mana, Malam."

"Zan gaya masa. A gaban mutane."

Wata goma sha huɗu ya jira, har aka shirya taron karrama Salim a Maraɗi. Rabi'u ya sa rigar Juma'arsa, ya zauna can baya. Da aka ba da damar tambaya, sai ya nemi alli, ya tafi gaban allo ya rubuta layin farko na lissafin.

"Dakta, ka ce daga ƙarshen lissafin nan lokaci ke fitowa. Wannan harafin da ka sa tun farko, mene ne in ba lokaci ba?"

Salim ya yi ta juya takardu. Ya sha ruwa.

Kafin damina mujallar ta janye aikin.

"Ai naka ka rusa," in ji Atika.

"Na sani. Gara ya mutu a hannuna."

Daga baya Yahaya, wan Salim, ya zo neman sulhu. Rabi'u ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo fura, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya raka shi tasha, ya ce a gaida gida.