Ruwan Gwaiba na Goggo

Jiya maƙwabciyata ta dafa ganyen gwaiba, ƙamshin ya tuna mini Goggo, ƙanwar babana. Zamanin tsohuwar jihar Gongola, na sare ƙafata da fartanya a ƙauyen Betso. Ta kumbura kamar turmi, tana mugunya, 'yan dubiya na raɗa sai an yanke.

Goggo ta tafasa ganyen, ta ɗanɗana yadda ta saba. "Bauri ya fito, cuta ta shiga uku. Miƙo ƙafa, matsoraci!" Ihuna, na rantse, an ji shi har garin Michika. Kwana tara tana wankewa, kullum ina leƙa yatsuna ko sun yi baƙi.

Da ƙafar nan na ɗauki makararta. Allah Ya sanyaya makwancinki, Goggo.