Kuɗin da Bai Kai Bakin Titi Ba

Ranar Alhamis ce. Bayan sallar asuba na ɗora tukunyar koko kamar kullum. Sale, mijina, yana wanke cebur zai tafi wurin gini. Shekarun da gwamnati ke kwaso kayanta daga Ikko ne. Mu ke gina mata sabon babban birni, mu ke kwana a bukkokin kwano a bayan Karu.

Tun bayan gobarar da ta cinye unguwarmu, wata ƙungiyar agaji ta raba mana katuna masu hatimi a madadin naira. Da su ake sayen koko a wurina. Da su nake auno gero a wurin Maman Ladi, maƙwabciyata, ita kuma ta biya mai ruwa. 'Yan ƙungiyar sun ce ta haka arziki ba zai fita daga unguwa ba. Mun ci abinci da katunan nan, ba zan yi musu ƙarya ba. Har tarawa muka yi a gwangwani.

Ƙarfe bakwai manyan motoci biyu suka tsaya. 'Yan daba ne masu fili suka ɗauko haya, don ƙasar da muke kai ta yi daraja.

"Ku fita! Kowa ya fita!"

Sai ƙarar gora a kan kwano. Sai warin fetur. Sale ya koma ɗaki ya ɗauko gwangwanin. A bakin ƙofa aka sare shi da adda a cinya. Na ɗaure wurin da ɗankwalina. Maman Ladi ta kama kafaɗa ɗaya, na kama ɗaya, muka bi ta rafi har titin Keffi.

Ƙarfe tara mai tasi ya tsaya. Na buɗe gwangwani. Ya juya kati gaba da baya, ya dubi jinin, ya ja motarsa. Na biyu ko taɓawa bai yi ba. Na ruga kemis. Mai shagon ya ce bai san wannan kuɗi ba. Gumin wata da watanni a hannuna, ko bandeji bai saya ba. Masu ilimin da suka zauna suka tsara kada kuɗin ya bar unguwa, ko ɗaya a cikinsu bai tambaya ba: in mu aka kora fa? Har yau abin yana min ɗaci.

Ana kiran azahar wani direban motar yashi ya ɗauke mu don Allah. Sale yana ta neman ruwa. Daga baya ya daina nema. Kafin mu kai ƙofar asibiti ya cika.

Nas ɗin da ta duba shi ta ce da mun iso da hantsi, ɗinki ne kawai.

Bayan la'asar aka binne shi a Masaka, inda ba mu san kowa ba. Direban yashin ne ya sayi likkafani. Ina da cikin wata biyar a lokacin. Mace na haifa, kuma ko hotonsa ba ni da shi da zan nuna mata.