Sista Cire-Takalmi da Ƙafar Tela

Kafin gari ya gama wayewa Sista ta riga ta fara kai-kawo tsakanin ɗaki da kicin. Aikin farko na yayarta ne, wadda ke zaune a wurinta shekara goma sha tara ke nan. Ta soki ɗan yatsa ta duba suga, ta yi mata allura, ta tallabe ta daga gado zuwa keken guragu. Ƙafa ɗaya ta rage wa yayar, kuma wannan ɗayar sai Sista ta durƙusa ta leƙa tafinta, ta bubbuɗe tsakanin yatsu, kafin ta yarda ta ɗauki jaka. Yayar takan ce, "Ke dai ƙanwata, jiya ma kin duba, kuma ba inda na je da ita." Sista dai sai ta duba. Shayinta a tsaye take sha, rabin ma a kofi take barinsa.

A asibiti, ɗakinta shi ne na ƙarshen baranda, inda masu ciwon suga ke jeruwa a kan benci biyu. Mu da muke raka iyayenmu can mun san ta tun kafin mu gan ta, don muryarta ce ke fara isowa: "A cire takalmi! Har da safa, Baba, ba kallon safarka na zo yi ba." Daga nan sunan Cire-Takalmi ya bi ta, har likitoci da shi suke kiranta a bayan idonta. Akwai kujera a ɗakin, amma fayil-fayil ne ke zama a kanta.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mai sanyin hali ce ba. Tana da faɗa, kuma ba ta duba girman rigar mutum kafin ta yi masa. Mai sharar ɗakin ta ba ni labarin wani direban babbar mota da ya rantse ƙafarsa lafiya lau, Sista ta ɗauki takalminsa ta zazzage, sai ga murfin kwalba ya faɗo. Kwana uku yana taka shi bai ji ba, don ciwon suga ya riga ya kashe masa jin ƙafa. Ta yi masa tas a gaban jama'a, sannan ta durƙusa ta wanke masa ciwon da hannunta. Dokarta kuma biyu ce. Kowane maras lafiya ya zo da mai kula da shi a gida, don a cewarta jinya a gida ake yinta, asibiti leƙe ne kawai. Kuma mutum ɗaya tak ke shiga da shi, saura su jira a baranda.

Bara wasu masu bincike suka zo da takardun tambayoyi, wai suna nazarin yadda ma'aikatan jinya ke jure wahalar aiki. Kowa ya zauna ya cike tasa, ita kuwa sai da wata daga cikinsu ta riƙa binta a baranda da biro a hannu. Ta tambaye ta, "Sista, idan abu ya ɓata miki rai a wurin aiki, me kike yi don ki huce?" Ta ce, "In kira na gaba." Ta sake tambaya, "Awa nawa kike hutawa a rana?" Sista ta juyo ta ce, "'Yata, riƙe min audugar nan tukuna." Baiwar Allah ta koma da takardarta rabi a cike, amma ta koyi naɗa bandeji.

Saura mako uku ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da biyar, sai aka kawo wani tela. Dattijo ne mai fara'a, da keken ɗinki na ƙafa ya ciyar da gidansa tun yana saurayi. Gyambo ne a tafin ƙafarsa ta dama, ƙafar da yake taka keken da ita. Likita ya duba, sannan ya faɗi gaskiya: za a ba shi mako uku ana wanki ana magani. Idan ranar Talatar da ya sa ta zo ciwon bai juyo ba, za a yanke daga ƙasan gwiwa. Tela ya yi 'yar dariya ya ce, "Likita, ai in ka yanke ta har keken ka yanke." Ba wanda ya taya shi dariyar. Sista ta duba kalandar bango. Ranarta ta ƙarshe Juma'a ce, kwana huɗu kafin Talatar.

Matar tela kuwa irin mai jinyar da Sista ke roƙon Allah ya kawo mata ce. Duk abin da aka faɗa sai ta maimaita shi har ya zauna. Ta koyi yin allura cikin kwana biyu, ta gyara masa abinci, suga ya sauka ya daidaita. Amma ciwon ya ƙi. Kullum da safe Sista ta wanke ta naɗe, washegari ta kwance ta tarar fatar gefen ta yi fari ta jiƙe kamar hannun mai wanki, ga sabbin bororo a gefe. Ta canja magani, ta tsare matar da tambayoyi, ta tsare mijin ko yana satar taka keke. Ya rantse ko zare bai taɓa ba. Abin ya hana ta sukuni. A mota tunaninsa take yi, a gida ta sa gishiri sau biyu a miya, har yayarta ta ce, "Wai ƙafar wa kika taho mana da ita gida yau?"

A rana ta tara, ta kama bakin bandejin za ta kwance, sai hannunta ya tsaya. Sista bahaguwa ce, naɗinta daga hagu yake tafiya. Wannan kuwa daga dama ya taso, kuma ya fi nata kyau. Wani yana kwance shi a gida ya mayar. Ta ɗago ta dubi matar, ta ga baranda cike da mutane, sai ta haɗiye maganar, abin da ba ta saba ba. Da ta tashi aiki da yamma ta ɗauki adireshi a jikin kati ta nufi gidan.

Ta tarar da tela a tsakar gida kan kujera, bandejin a ninke tsaf a gefensa. Matar na fitowa daga kicin da baho a hannu, tururi na tashi. Sista ta tsoma ɗan yatsa, ta fizge da sauri.

"Mama! Wannan ruwan na mene ne?"

"Na ƙafar maigida ne, Sista. Sanyi yake cewa tana yi masa. Shekara biyu ke nan kullum sai na gasa masa, kuma ina mayar da bandejin yadda na ga kina yi."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ai ba magani ba ne, ruwa ne kawai. Kuma shi da kansa yake cewa ya yi daidai."

Faɗan ya riga ya zo wa Sista baki. Ta juya kan telan. "Baba, tsakaninka da Allah, kana jin zafin ruwan nan?"

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Da ƙyar ya ce, "Na fi shekara ban ji komai ba. To ita ce take tashi ta hura wuta ta ɗauko, ga ciwon bayanta. Sai in ce mata aikin banza take yi?"

Matar ta dire bahon, ruwan ya fantsama. Ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. "Ashe ni ce. Da hannuna nake dafa masa ƙafa, ina cewa jinya nake."

Sista ta dubi hannuwan matar, sun yi ja saboda ɗaukar zafi, sai faɗan ya koma ciki. Ta durƙusa kusa da ita ta faɗa mata abin da abokan aikinta na shekaru ba su taɓa ji daga bakinta ba. "Mama, saurara. Yayata ƙafa ɗaya gare ta. Gida ɗaya muke, ni ce nake yi mata allura, kuma a lokacin na shekara goma sha shida ina aikin jinya. Ban taɓa ɗaga ƙafarta na duba ba sai da wari ya fito. Ke ba ki sani ba, ni kuwa na sani, gaggawa ce ta hana ni. Tawa ta riga ta tafi. Taki tana nan, saura kwana goma sha biyu. Tashi ki zubar da ruwan nan."

A nan tsakar gidan ta sake wanke ciwon. Ta nuna wa matar yadda ake gwada ruwa da gwiwar hannu, ta ce in sanyi ya dame shi a sa wa ɗaya ƙafar safa mai laushi, a lulluɓe shi da bargo, wannan kuwa ba mai taɓa ta sai ita. Ga telan kuma ta ce, "Baba, daga yau in ba ka ji ba ka ce ba ka ji ba. Kara ba ta warkar da gyambo."

Kwana biyar bayan haka jan nama ya fara leƙowa a tsakiyar ciwon. Amma ƙaramin yatsan ya yi baƙi, kuma baƙin bai nuna alamar inda zai tsaya ba. Ranar Juma'a aka shirya mata ɗan taron bankwana, shugaban asibiti na tsakiyar jawabi aka duba aka ga ba ta nan. Tana ɗakinta tana nuna wa sabuwar nas ƙafar tela, tana maimaita mata abu ɗaya sau uku, har nas ɗin ta ce, "Sista, wallahi na ji."

Ranar Talata ta zo da kayan gida, ba farar riga. Aka kira tela, matarsa ta tura shi a keken guragu, Sista ta bi su. A bakin ƙofa sabuwar nas ta tsaya, kunya kamar ta nutse, ta ce, "Sista, mutum ɗaya ne." Sista ta ja da baya, don dokarta ce. Ta koma baranda cikin 'yan rakiya, inda ta shekara goma sha tara tana barin mu. Ta je ƙarshen baranda ta dawo. Ta kara kunne a ƙofa, ba ta ji komai ba. Ta gyara wa wata tsohuwa zaman ƙafa, ta duba agogo, ta sake komawa. Ina wurin ranar, na kawo mahaifiyata, kuma ban taɓa ganin tsoro a fuskar Sista ba sai a wannan rabin awar.

Ƙofa ta buɗe, matar tela ta fito tana kuka, gaban kowa ya faɗi. Ta kama hannun Sista da hannu biyu ta ce, "Ɗan yatsa kawai zai cire. Ya ce an bar mana ƙafar." Sista ta lalubi bango, ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Wasunmu a barandar har da share ido.

Sista, ke ce kika ɗauki aikin da ba mai so, aikin durƙuso da wari da mugunya, kika yi shi kamar ƙafar gidanku ce. Ke ce kika gane cewa mai jinyar gida ma yana bukatar a kula da shi, a koya masa, a ɗaga shi ranar da ya yi kuskure. Kin yi mana faɗa mun ji haushi, mun koma gida da iyayenmu suna tafiya da ƙafafunsu. Ba mu da lambar yabo da za mu rataya miki. Mun gode, mun gode ƙwarai. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar da kika tsare wa wasu.

Ku kuma ma'aikatan da ta bari a baya, kada ku tsaya a abin da aka faɗa muku a bakin ƙofa, ku bi ciwo har inda yake kwana. Mu da muke da masu ciwon suga a gida, kada mu jira sai sun ce akwai matsala, don da yawansu ba sa ji, wasu kuma kara ce ke rufe musu baki. Mu durƙusa yau mu duba da idonmu.

Watan jiya na bi ta shagon tela. Tun daga bakin titi na jiyo ƙarar keke. Yana zaune yana ɗinka rigar makaranta, ƙafar dama a kan matakin keken, da yatsu huɗu.