Zazzaɓin Da Ya Tafi Da Hankalin Inna

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni mutumin Gummi ne, gyaran babur nake yi a bakin kasuwa. Lokacin da abin nan ya same mu ban daɗe da aure ba, kuma na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu da ke ƙasar Bukkuyum, domin 'yan bindiga sun hana mutane zama. Inna ungozoma ce, yawancin samarin ƙauyenmu a hannunta suka faɗo duniya. Tun kafin ta zo ta fara 'yar mantuwa: ta zuba gishiri a miya ta sake zubawa, ta tambaye ka abu yanzu an jima ta maimaita. Muka ce tsufa ne. Amma ta san kowa, tana sallarta a kan lokaci, tana yi wa matata faɗa in ta ɗauki abu mai nauyi, saboda tana da ciki.

Cikin damina sai jikinta ya yi ɗumi, ta rage cin abinci. Na sayo mata maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis. Matata ta gaya mini ta lura Inna tana yawan zagayawa bayi, tana fitowa tana cije leɓe, amma da ta tambaye ta sai ta ce ba komai. Ni kuwa ɗan fari ne, ko sunana Inna ba ta faɗi, balle ta gaya mini fitsari yana yi mata zafi. Ni ma nauyin tambayar ya hana ni buɗe baki.

Ba a jima ba sai ta rikice gaba ɗaya. Da rana tsaka ta fito tsakar gida tana kiran a kawo ruwan zafi da reza, wai wata tana naƙuda a bayan rumbu, alhali ko rumbu ba mu da shi. Ta ce mutane sun cika mata ɗaki sun zauna a kan tabarmarta. Maƙwabta suka ce iska ce. Wani dattijo ya ce gubar dalma ce, tunda ta taɓa zama wajen ƙanwarta a ƙasar Anka inda ake niƙa dutsen zinare. Aka yi ruƙiya, aka yi hayaƙi, aka ba ta rubutu. Addu'a ba laifi ba ce, sai dai a nan muka tsaya. Sai da tsayuwa ta gagare ta, fitsarinta ya yi ja yana wari, matata ta fashe da kuka ta ce in ba zan kai ta asibiti ba ita za ta fita neman mota da cikinta.

Muka kai ta asibiti. Bayan gwaji likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga mafitsara, ta haura cikin jini. Ya yi mini bayani cewa idan cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki tana tashi ta yaƙe ta, kuma wannan yaƙin yana jawo kumburi da kan taɓa har ƙwaƙwalwa. Mai ƙuruciya yakan warke ya miƙe, amma tsohon da cutar mantuwa ta riga ta fara ci, irin Inna, yana iya ƙara rushewa. Ya ce ba ciwon ne ya haifar da mantuwar ba, ya dai tura ta gaba, kuma masana har yanzu suna kan binciken abin. Na tambaye shi ko da mun zo da wuri da ta tsira. Ya ce wataƙila, Allah ne masani.

Zazzaɓi ya sauka, aka sallame mu, amma rabin Inna muka dawo da shi gida. Da matata ta haihu, na ɗauki jaririyar na aza mata a cinya. Ta dube ni a tsorace ta ce, "Ɗiyar wa ce wannan? Ku ɗauke ta kada in yar." Na fita zaure na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu. Tun daga nan, duk lokacin da mura ko ciwon haƙori ya kama ta sai ta ƙara nisa da mu, kuma ba ta taɓa dawowa inda take a baya.

Abin da na gane shi ne, tsoho ba ya rikicewa dare ɗaya haka kawai. Duk wanda ya ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta canza farat ɗaya, ya yi addu'a, amma ya nufi asibiti a ranar, a duba fitsari, ƙirji, baki da duk wani miki. In kunya ta hana ka tambaya, ka sa mace 'yar uwarta ta tambaya, kuma ka saurari abin da ta gani. Ku sa mu a addu'a. Inna tana nan da rai, ni nake ba ta abinci a baki kullum, in ta ƙoshi sai ta yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo.