Ƙwan Zabi a Ƙarƙashin Kaza

Shekara huɗu cur na yi ina bin wani wasa da ban taɓa gani ido da ido ba. Besbol ake ce masa, wasan Amurkawa ne: mutum ɗaya ya jefa ƙwallo, wani ya yi ƙoƙarin make ta da sanda. Ɗan yayana, Kabiru, mai jifa ne. A Amurka aka haife shi, a can Yaya Habu ya rasu a 2016, kuma maganarsa ta ƙarshe da ni a waya ita ce, "Ɗanjuma, ka riƙe min Kabiru." Ni kuwa ina nan Dubai, ina aiki a siton kayan gyaran mota a Ras Al Khor. Da me zan riƙe yaron da ke wata uwa duniya? Sai na riƙe shi da waya.

Shekara guda bayan rasuwar, wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Na yi ta rabon dabino a gidanmu na haya da ke Al Muraqqabat, a zatona gobe za a gan shi a talabijin. Ashe ba haka suke yi ba. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙanana a ƙarƙashinta, hawa-hawa kamar matakalar bene. Yaro zai fara daga ƙasa, yana yawon ƙananan garuruwa a bas. In ya yi kyau a ɗaga shi, in ya daɗe wuri ɗaya a sallame shi, ko sannu babu.

Kafin in faɗi abin da na aikata, sai na fara da kakarmu Iya Yalwa, don ita ta riga ta gaya min, ni ne ban ji ba.

A ƙauyenmu, bayan Gezawa, in ɗari ya shigo, Iya takan hura wutar kara a wani tsohon kasko a tsakar ɗakinta da an idar da isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta, ta binne gyaɗa a toka. Da na leƙo sai ta ce, "Ga mijin nawa nan. Miji ba cefane, sai cin gyaɗa." Yaya Habu ne babbanmu, shi ke zama kusa da ƙofa yana tare iska da bayansa. In ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata," mu kuma mu amsa, "Ta sauka lafiya," ko tari ba ka ƙara ji.

Wadda ta fi yawan yi mana ita ce ta Tanko. Wai Tanko ya tsinci ƙwan zabi goma sha biyu a ciyawar gonarsa. Zabuwa ba ta da kirkin kwanci, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwanta. Amma duk wanda ya san kiwo ya san ƙwan zabi ake fara sawa da mako guda, don na kaza kwana ashirin da ɗaya yake yi, na zabo ashirin da takwas. Tanko bai tambayi kowa ba, ya haɗa su rana ɗaya. Kullum da sassafe sai ya ɗaga kazar, ya ɗauki ƙwai ya kai kunne ya girgiza. A nan Iya takan ɗauki gyaɗa ta girgiza a kunnenta, ta ƙanƙance ido, mu yi ta dariya.

Mako uku ya cika, 'yan tsaki suka fito, ƙwan zabi shiru. Tanko ya kwashe tsakin, ya kife kazar da kwando. Kwana ɗaya, biyu, har shida. Ran nan maƙwabcinsa ya leƙo ta katanga ya ce, "Tanko, baragurbi ne fa. Wahalar da kaza kawai kake yi." Zuciya ta ɗebi Tanko, ya kwashe ƙwan ya shiga jifan bango da su.

Daga nan Iya sai ta rage murya, har sai mun matso. "Fas! Fas! Fas! Bai tsaya dubawa ba sai da ya jefa sha ɗaya. Ya sunkuya, me zai gani? Kowane da ɗan zabo a ciki, har da gashinsa, wasu suna motsi. Kwana ɗaya tak ya rage musu." Guda ɗaya ne ya tsira, wanda ya maƙale a fiffiken kazar. Washegari ya ƙyanƙyashe.

Ni wurin fashewar nan kawai nake so. "Iya, sake yin fas ɗin!" Yaya Habu kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum: "Iya, ɗan zabon ya rayu?"

"Ya rayu, har ya yi ƙato," in ji ta. "Sai dai bai taɓa cin tsaba a hannun Tanko ba. Da ya ji takunsa sai ya haye rumbu. To, na kaɗe zanina, ta faɗa wuta, kowa ya tafi ya kwanta."

Shekara talatin da wani abu bayan haka, ga ni a Dubai da littafi da biro. Lokacin da suke gama wasa a can, mu nan asuba ta yi. Ina sallame salla sai in buɗe shafin sakamako, in rubuta mutum nawa Kabiru ya fitar, nawa suka make masa. Kafin in sha shayi na tura masa saƙon murya: "Me ya sa aka cire ka da wuri jiya? Wancan yaron da aka ɗauke ku tare, na ga an ɗaga shi." Abokan zamana har Koci suke ce min, ni da ban san yadda ake riƙe ƙwallon ba. Shi kuwa Kabiru kullum sai ya amsa, da 'yar Hausarsa mai ɗingishi, ya yi min bayani dalla-dalla.

A shekararsa ta uku jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, aka yi masa tiyata. Shekarar korona ba a yi wasan ƙananan ƙungiyoyin ba sam. Da aka dawo a 2021, yana nan a matakin da ya bari, cikin yaran da ya girma. Watan farko kuwa kowa ya zo sai ya make masa. Akwai wani gefe a shafin da ake jera sunayen waɗanda aka sallama. Kowace safiya nakan rufe shi da babban yatsa, in dinga janyewa a hankali. Tsoro nake ji, wallahi. Tsoron ranar da za a watsar da shi ba sana'a, ni kuma in rasa abin da zan ce wa Yaya gobe ƙiyama.

Ana cikin haka maigidana, Alhaji Sani, ya kira ni ofis wata Talata. "Malam Ɗanjuma, ina neman mai Turanci da zai riƙa magana da kamfanonin kwantena. Ɗan naka fa? Shekara huɗu ana jifa ba a hau ba, ai magana ta ƙare. Ka turo fasfo ɗinsa kafin Alhamis a fara biza. In ba haka ba, khalas, shi ke nan, na ba ɗan ƙanwata."

Ranar ban iya cin abinci ba. Laraba da yamma na danna saƙon murya a waya na ce, "Kabiru, dubi tsararrakinka. Wannan abin ba zai yi ba. Ka tattara ka taho, ga aiki na samo maka. Da ubanka na raye, abin da zai ce ke nan." Wannan ta ƙarshen ƙarya ce, kuma tun kafin in ɗaga yatsa na san ƙarya ce.

Amsa ta zo ran Alhamis da safe, ina tsaye a bakin tashar jirgin metro ta Al Rigga ina jiran motar kamfani. Muryarsa a sanyaye.

"Baffa, na ji. Kowa yana cewa in bari. Ban san kai ma kana ciki ba. Likita ya ce hannun sai ya yi shekara biyu yake dawowa daidai. Saura wata biyu. Na gode da aikin."

Saura wata biyu. Direba yana ta danna oda, ni kuwa ina tsaye ina jin ƙamshin gyaɗa a toka. Da na isa sito na ce wa Alhaji ya ba ɗan ƙanwarsa. Ya dube ni ya ce, "Yalla, kai ka sani." Na tura wa Kabiru ban haƙuri, ya amsa da kalma biyu: "Ba komai." Daga ranar na daina buɗe shafin.

Ƙarshen Agusta aka ɗaga shi. Mataki ɗaya ne, da saura a gabansa, kuma ban san ko zai kai ba. A bakin mahaifiyarsa na ji, bayan kwana huɗu. Na kira shi. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi zafin Dubai, ya tambayi abokan zamana. Wasa kuwa ko da kalma ɗaya bai taɓo ba, ni ma ban tambaya ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Tanko a kan ƙwai sha ɗayan da suka fashe take. Yaya Habu, yana zaune a bakin ƙofa, tun a lokacin na sha biyun yake tambaya. Yanzu duk Juma'a ina kiran Kabiru, in tambayi lafiyarsa, in tambayi abin da ya ci, in yi shiru. Makon jiya, har mun yi sallama, sai ya ce, "Baffa, jiya hannun bai yi ciwo ba." Na ce, "Alhamdu lillahi." Tambayoyi sun fi goma a bakina, na haɗiye su duka.