Rigar da na kasa kwaikwayo

Shekara huɗu na yi ina ɗinka riguna a Buza ba tare da ko ɗaya ta san sunana ba. Wani alhaji ɗan Madawa mai butik, wato kantin tufafi, a Yamai ne ke aiko mana da yadi, mu teloli shida, haɗe da wata ƴar jaka cike da tambarin kamfaninsa, ƙyalle baƙi da rubutun zinariya. Mu ɗinka, mu liƙa a wuya, mota ta kwashe. Ban taɓa damuwa ba. Aiki na zuwa, tukunya na tafasa.

Sai ran nan malamin lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu, ya dawo daga hutu, ya shigo shagona yana taku ɗai-ɗai da riga a leda. Mutum ne mai son gayu, ko rijiya zai je sai ya goge takalmi. Ya shimfiɗa ta a kan tebur a hankali.

"Tela, duba aikin manya. Daga Yamai na sawo ta. Kana iya yi min irinta? In ba ka iyawa ka hwaɗi, kar ka ɓata min yadi."

Na juya bakin rigar. Kekena tsoho ne, yana da hali: duk bayan taƙi guda sai ya tsallake ɗinki ɗaya. Ga tsallaken nan a jere. Har aljihun na gane, don ranar da na yanke shi akuyar maƙwabciyarmu ta shigo, na zabura, almakashi ya ɗan karkace.

Na ce, "Malam, wanga ai aikina ne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna mini tambarin da yatsa. "Karanta nan. Sunanka ne?"

Haushi ya kama ni, amma na karɓi aikin. Kwana uku na ba ta, na ɗinka da natsuwar da ban yi wa ta farko ba. Ya zo ya sa, ya juya gaban madubi, ya taɓe baki.

"Ka yi ƙoƙari, wallahi. Amma hannun mutanen can daban ne."

Matata ta yi mako tana tsokanata da maganar nan. Ko tuwo ta ajiye sai ta ce in yi haƙuri, hannun mutanen can daban ne. Ina dariya, amma abin ya ci mini rai sosai.

Na hau mota zuwa Madawa na roƙi alhaji ya bar ni in ƙara sunana ƙarƙashin nasa, ko da ƙanana ne haruffan. Ya ba ni shayi, ya ce suna ɗaya kamfani ke da shi. Ban ga laifinsa ba. Na ajiye masa jakar tambarinsa, na bar yi masa ɗinki, na dawo gida.

Aiki ya ragu, ba zan ɓoye ba. Matata ce ta riƙa saƙa mini sunana da koren zare a wuyan rigunan da nake ɗinkawa, haruffan duk a karkace.

Bayan damina na je kasuwar Deule sayen rago. A layin dabbobi na ga wani dattijo makiyayi da ban sani ba, ya kamo wuyan rigarsa yana juyo wa abokinsa, ga koren zaren nan a jiki.

"Ni ban iya karatu ba," in ji shi, "amma telan Buza ne. Shi za ka nema."

Ina tsaye a bayansu. Ragon da na saya kuwa ban ko taya shi ba, yadda aka faɗa haka na biya.